Tsatsa a Ƙarfen Nuhu

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe gwangwanin, a gaban Likita Yusha'u da wasu direbobi huɗu da suka biyo shi kallo, sai ga tsatsa. Ba mai yawa ba ce, ɗigo-ɗigo ne kamar kashin ƙuda, amma a jikin ƙarfen da za a sa wa mutum cikin cinya ranar Alhamis take. Kafin azahar unguwar Hayin Banki duk ta ɗauka, wai Malam Datti ya sayar da ƙarfen asibiti, ya yanko na bola ya ajiye a madadinsa.

Ni sunana Ila, mutumin Zamfara. Shekara ashirin na yi ina bin sawun shanun sata a dazukan Tsafe, kafin zama ya gagare ni a can, na zo Kaduna na zama mai gadin wani ofis a Doka. Garin kwalta! Wallahi ko giwa ce ta wuce ba ka ganin inda ta taka. Tun da na zo ba wanda ya neme ni da maganar sawu sai ranar nan, cikin daminar 1989, da Datti ya zo da kansa har bakin ƙofar da nake gadi, hularsa a karkace.

Mai ciwon shi ne Nuhu, wani direban babbar mota Bakatsine da ke zaune a Rafin Guza. Wata huɗu ke nan da motarsa ta kife a hanyar Zariya, ƙashin cinyarsa ya karye. An ɗora sau biyu, ya ƙi kamawa. Lokacin kuwa kayan waje sun yi wuya, da ƙyar 'yan'uwansa direbobi suka samo ƙarfe guda ɗaya tak daga Legas, shi ma ya yi tsawo. Shi ne Likita ya ba Datti ya rage shi, don Datti ya shekara ashirin da shida yana gyaran kayan tiyata kafin ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago a cikin gidansa.

Na tarar da Likita a zauren Datti, bai tafi ba. Saurayi ne mai magana a hankali, irin wadda ke sa gabanka ya faɗi.

"Malam Ila," ya ce, "ni ban ce Malam Datti ya ci amana ba. Amma ba zan buɗe cinyar mutum in sa ƙarfen da ban san abin da ya same shi ba. Wani kuma ba mu da shi. Ƙafar nan ba za ta jira wata guda ba, in aka wuce makon nan sai dai mu fara maganar yanke ta."

Na ɗauki ƙarfen. Tsawonsa ya ɗan fi taƙi, da ramukan kusoshi takwas, yana ƙyalli har ina hango jajayen haƙorana a ciki.

"Ai ƙyallin nan ne ya kashe ni," in ji Datti. "Da na ce ban bar shi haka ba, sai suka ce to ga shaida, an musanya."

"Da yaya ka bar shi?"

"Dusu-dusu. Ka ga, ƙarfen nan riga gare shi, sai dai ido ba ya ganinta. In na yanke shi na bi shi da zarto, rigar ta yage, ƙurar zarton kuma ta maƙale masa, ita ce ke jawo tsatsa. Sai in wanke shi tas, in tsoma shi cikin ruwan asid rabin awa. Asid ya cinye ƙurar, ƙarfen ya sake yi wa kansa sabuwar riga. Jikin ɗan Adam ruwa ne da gishiri, Malam Ila. In ba rigar nan, cin ƙarfen zai yi ta yi har ya ruɓe a ciki. Ranar Alhamis na tsoma shi, na naɗe, na rufe a gwangwani, na kulle shago. Ban sake buɗewa ba sai yau."

"Makulli fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Saman ƙofa."

"Saman ƙofa! Shekara ashirin da shida a asibiti, saman ƙofa?"

Sai na ji kunyar tsawar da na yi wa mutumin da ido ya riga ya kawo ruwa.

* * *

Direbobin nan sun tattake bakin shagon kamar an kora garke. Na durƙusa ina bin gefe, ina tsine wa takalman mutanen birni a zuciyata. Can jikin bango, ƙarƙashin rufin kwano inda ruwa ba ya dukan ƙasa sosai, na samu abin da nake nema: shatin silifa guda biyu, an jera su daidai, sannan sawu ɗaya na ƙafa ba takalmi, ƙarama, ta nufi ciki.

Na daɗe ina kallonsa. Na bi ɓarayi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya cire takalmi ya jera kafin ya shiga ba.

Hadari ya fara haɗuwa. Na waiga, sai na ga wata mata a gindin famfo tana wanke-wanke, kanta a sunkuye. Datti ya ce mai taya matarsa Rahmatu aiki ce, wata biyar ke nan da zuwanta. Na ce ta ara mini kwano. Ta kawo, na kife shi a kan sawun.

"Baba, na mene ne?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Don kada ruwa ya tafi da shi, 'yar nan. Haka muke yi a daji."

Ban san abin da ya sa na ƙara ba, amma sai na ji bakina yana cewa, "Da matata Hansai ta rasu, na samu sawunta guda a gindin rumbu. Na kife ƙwarya a kai. Wata uku ina korar awaki daga wurin, har ruwan farko ya shiga ta ƙasa ya share shi. A cikin satin na bar garin."

Ta ce, "Allah ya jiƙanta," ta koma kan tukwanenta. Ni kuwa sai na ji haushin kaina, tsoho da ni ina zuba a gaban baƙuwa.

* * *

Wanda kowa ke nunawa bayan Datti shi ne Sule maɗori, don shi ya ɗora ƙafar sau biyu, kuma an ji shi a kasuwa yana cewa ƙarfen Turawa sai ya yi tsatsa. An kuma gan shi a ƙofar gidan Datti ranar Juma'a. Na same shi a Rafin Guza da safiyar Talata yana fere karan ɗori. Kallo ɗaya na yi wa ƙafarsa na san na ɓata tafiyata, don faɗinta ya kai faifai.

"Na je," ya ce, bai ko ɓoye ba. "So nake in ga abin da ya fi hannuna. Malam Ila, ubana ɗori ya yi, kakana ɗori ya yi. Ƙashin yaron nan kaɗai ya gagare ni, kuma ba na barci saboda shi. Maganar kasuwa kuwa zafin rai ne, Allah ya yafe mini."

"Ka ga ƙarfen?"

"Ina fa! Na yi sallama sau uku, ba namiji a gidan, duk sun tafi masallaci. Ba abin da nake ji sai ƙarar soso daga ciki, ana ta dirzar abu. Na wuce abina kada in rasa huɗuba."

Daga nan na zarce kasuwar Panteka da ƙarfen a aljihu, wurin Idi, wani maƙeri da ya san ƙarfe kamar yadda na san kofato. Na ce ya gaya mini gaskiya, na bola ne ko ba na bola ba. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, sannan ya jawo wani baƙin mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗora a kai. Mayen ya zame ya faɗi.

"Ka gani? Bai kama ba. Da irin namu ne, da sai ka sa ƙarfi kafin ka raba su. Wannan na asibiti ne, ko a gaban alƙali zan faɗa."

Ya sake goga mayen a bakin ramukan, yana ta surutu, sai na riƙe hannunsa. Wani abu ya fito daga rami na uku ya manne a jikin mayen. Siriri ne kamar gashi, a murɗe, ja da tsatsa. Na sa tsinke na ƙwaƙule ramin, sai ga ɗan farin gari a tafin hannuna. Na ɗanɗana. Toka ce.

Na fita da ƙarfen rana, na karkata shi. Ashe ƙyallin nan ba sumul yake ba, zane ne sirara, zagaye bisa zagaye, irin na gindin tukunya. Kuma duk sun juya ta hannun da ba shi mutane suka saba juyawa ba.

* * *

Ɗakin Nuhu ciki ɗaya ne a wani gidan haya, wari na magani da na kwanciya ya cika shi. Mutum ne dogo, amma ya zube har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ya ce in zuba wa kaina shayi. Butar da na ɗauka ta yi baƙi ƙirin, har tana kama hannu.

"Wannan buta ko gawayi?" na ce. "Ba ka da mai wanke maka?"

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Da ina da ita, Baba. Da ka zo bara, da ka ga fuskarka a jikin butar nan. Indo ba ta iya ganin abu dusu-dusu ta ƙyale. Har ƙarfen gaban motata sai ta bi shi da toka in na kwana a gida, yaran tasha suna yi mini tsiya wai motar amarya."

"Ina take?"

Ya juya fuska ga bango. "Na dawo daga Fatakwal a gajiye, kwana tara ban yi barcin kirki ba. Abin da ya haɗa mu ma wallahi na manta. Dama akwai saki biyu a baya, duk na zafin kai, ranar na cike na uku. Na je wurin malamai har huɗu, kowa ya ce babu kome, ta haramta gare ni. Shekara goma sha ɗaya muna tare, Baba. An ce tana nan cikin Kaduna, ban san inda take ba, kuma ko na sani me zan je in ce?"

Na kurɓi shayin, ya yi ɗaci. "Da wane hannu take aiki?"

Ya waigo ya dube ni. "Bahaguwa ce. Me ya sa?"

"Tambayar tsofaffi ce kawai," na ce, na tashi. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Baba Ila, in an yanke ƙafar nan, ba ni da sana'a. Tuƙi kaɗai na iya."

Tun daga Rafin Guza har Kawo a ƙasa na taka, ina ta jin kamar in yar da ƙarfen nan a kwata in koma gadina. Na sha kama mugaye ina murna. Wannan karon ba murna ko kaɗan.

* * *

Ranar Laraba bayan la'asar na tara su a zauren Datti: Likita, Sule, Idi, da direbobin nan huɗu. Na sa Datti ya shiga ciki ya ɗauko mini tukunya ɗaya daga cikin waɗanda aka wanke ranar. Niyyata in gama magana ba tare da na kama sunan kowa ba.

Idi ya gwada musu mayensa, ƙarfe bai kama ba. Na nuna musu silin wayar da mayen ya ciro, da tokar. Sannan na kife tukunyar, na ajiye ƙarfen kusa da ita, na ce Likita ya sa tabarau ya duba zanen.

"Iri ɗaya ne," ya ce.

"To ba a musanya komai ba. Ƙarfen da kuka kawo daga Legas shi ne wannan. Ranar Juma'a wani ya ɗauke shi, ya goge shi da soson ƙarfe da toka, ya mayar. Soson ya yage rigar da Malam Datti ya yi masa, ya bar nasa ƙarfen a jiki, damina ta ƙarasa sauran. Shi ke nan, a tashi."

"A tashi ina?" in ji babban cikin direbobin, wani mai ƙaton ciki. "Wane la'ananne ne? A faɗe shi! Kashe Nuhu ya so yi!"

"Ni ce."

Daga bayan labulen ƙofar cikin gida muryar ta fito. Duk muka waiga. Ba ta shigo ba, sai ƙafafunta muke gani a ƙasan labule, ƙanana, ba takalmi.

"Ni ce Indo. Na ji Hajiya Rahmatu tana cewa ƙarfen Nuhu Bakatsine ne a shago. Wallahi gani kawai na je yi. Da na buɗe sai na gan shi dusu-dusu, na ɗauka Malam bai samu lokacin gogewa ba." Ta tsaya, muna jin numfashinta. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa miƙa masa kwano mai dauɗa ba. Yana kwance wata huɗu, ba ni da ikon in kai masa ko ruwa. Na ce wannan abu zai zauna a jikinsa har kabari, bari dai ya shiga da tsabta. Tun Litinin nake son in faɗa, tsoro ya hana ni. Malam, ka yafe mini, na jawo maka zagi a banza."

Mai ƙaton ciki ya buɗe baki, na riga shi.

"Kai! Ka ƙara kalma ɗaya in fasa maka tukunyar nan a ka. Ku da kuka yi kwana uku kuna yawo da sunan dattijo a gari, wa ya ba shi haƙuri a cikinku? Shashashai kawai!"

Likita bai kula mu ba. Ya matsa kusa da labule ya tambaye ta a hankali: da me da me ta goge, ta sa wani magani, ta buga shi da wani abu, ya faɗi a ƙasa? Ta ce soso ne da toka da ruwan famfo, sai dai ta naɗe shi bai gama bushewa ba saboda ta ji masallata sun fara dawowa. Ya juya wurin Datti, suka haɗa kai a kan ƙarfen suna dubawa da wani ɗan madubi, har na ƙosa.

"Zanen bai yi zurfi ba," in ji Datti. "Zan iya cire shi in sake tsomawa."

"To mu mayar da tiyatar Asabar," in ji Likita.

Sule maɗori ne ya fara cewa alhamdu lillahi, da ƙarfi, har sau uku.

* * *

Na nemi izini a wurin aiki ranar Alhamis don in ga abin da idona. Datti ya wuni yana bin ƙarfen da takardar gogewa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har zanen Indo ya ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke, ya sa safar hannu, ya buɗe taga, ya ce in ja baya. Ya kama ƙarfen da awartaki ya tsoma cikin wata kwalba mai faɗin baki, ya ajiye agogonsa a gefe. Ni ban ga komai yana faruwa ba, ƙarfe dai yana kwance cikin ruwa, sai wari mai hawa ka.

Da rabin awa ta cika ya fito da shi, ya ɗauraye sau biyu. Sai ya tsaya, ya leƙa tsakar gida.

"Indo, zo nan."

Ta zo, ta cire silifa ta jera a bakin ƙofa. Ya sa mata safar hannu, ya miƙa mata awartakin da butar tataccen ruwa.

"Ɗaurayar ƙarshe ce. Kada ki taɓa shi da hannu, ki zuba kawai daga sama har ƙasa."

Ta riƙe butar da hagu, ta zuba a hankali, rami bayan rami, har ruwan ya ƙare. Hawaye na bin fuskarta, ta kautar da kai don kada su ɗiga a kai.

"Ya koma dusu-dusu, Malam."

"Haka ake son shi," in ji Datti.

An yi tiyata ranar Asabar. Da na je duba Nuhu bayan kwana biyar, na tarar direbobi sun riga sun kwashe labari sun ba shi, don bakinsu ba ya riƙe komai. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya dubi rufin ɗaki, tafinsa a kan cinyar, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"Baba, ta rame?"

Na ce masa ta rame. Ban iya ƙarya ba.

* * *

Sai da shekara ta zagayo, ruwan farko ya sauka, na sake bi ta Hayin Banki wata safiya zan kai wa Datti goron sunan jikar wani abokina. Ƙasa ta yi laushi, irin wadda nake kewa, kowane sawu ya fito kamar an rubuta shi. Ban yi niyyar karantawa ba, amma ido ya riga ya saba.

Wani sawu ya ja idona, na namiji ne, dogo, da takalmin direbobi. Ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa, amma ta ɗauki nauyinta sosai, sandar ma sai bayan taku uku ko huɗu take taɓa ƙasa. Na ce a raina, madalla, ƙarfen Nuhu ya zauna. Na bi shi cikin lungu har bayan gidan Datti, daidai ƙaramar ƙofar da mata ke fita zubar da ruwa. Nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, don wurin ya lotsa, har da ramin sanda inda ya dogara. Bai matsa kusa da ƙofar ba. Daga nan sawun ya juya, ya koma ta inda ya fito.

Na duba, sawun ƙafar hagu yana nan a fili inda ya tsaya, na dama ne ban gani ba. A wurinsa wani ɗan kwanon silba ne a kife, an goge shi yana ɗaukar ido, an ɗora dutse a kai.

Na sunkuya, na kai hannu.

"Baba," in ji Indo daga bayan ƙofa, "don Allah kada ka ɗaga."

Ban ɗaga ba. Na dubi sama, hadari yana sake haɗuwa ta gabas. Na durƙusa na tara ƙasa da hannuna, na toshe gefen kwanon duka, ta inda ruwa ya shigar mini a gindin rumbu.